Jakar Dodo

Ina ɗan shekara goma sha uku aka kai ni gidan kakata Iya a Ƙofar Marusa, bayan shagon babana ya ƙone, al'amura suka tsaya masa. Gidan cike yake da jikoki, kuma kowa ya san tsarin: da an idar da sallar magariba, Iya za ta ja 'yar kujerarta bakin murhu, mu kewaye ta. Lokacin kaka ne, takan jera masara a kan garwashi tana juyawa da yatsunta, ban taɓa jin ta ce wash ba. Ba ta fara tatsuniya sai masarar farko ta gasu, wai mai jin yunwa ba ya sauraro.

Sai dai a shekarar waya ta ƙwace mata mu. Wani wasan tara dodanni ne ya shigo unguwa. Kana farawa a ba ka ƙwai ɗaya kyauta, ka fasa, abin da ya fito shi ne dodonka. Daga nan sai faɗa: fuskar waya ta cika da ƙwallaye masu launi, in ka jera uku iri ɗaya dodonka ya kai duka. Burin kowa wani jan dodo ne mai fukafukai. Yaya Mubarak, ɗan kawuna, fasawar farko ya same shi, har tafiyarsa ta sauya. Mu da ba mu dace ba, dabarar da aka koya mana ita ce a goge wasan a sake farawa, a sami sabon ƙwai.

Kullum a bakin murhun nan ake musu.

"Ɗaya cikin ɗari ne," in ji Yaya Mubarak. "In ka fasa ɗari, dole ya hito."

"Wa ya ce maka?" in ji ƙanensa Usman. "Ƙwai bai san ka fasa na baya ba. Ni dai na lura da asuba ya hi hitowa."

Ni kuwa mako uku na yi ina gogewa ina sakewa a tsohuwar wayar da kawu ya ba ni, ban taɓa wuce faɗan farko ba. Ranar da nake ba ku labari na fasa, sai ga wani koren kwaɗo mai kumburarren ciki, karo na huɗu a jere. Suka tuntsire da dariya. Ban san lokacin da maganar ta kuɓuce mini ba: "Ni dama ƙashin tsiya gare ni. Tun da aka haihe ni komai na Baba ke lalacewa."

Ba ni na ƙirƙiro ta ba. A wajen wani biki na ji wata 'yar'uwarmu tana faɗa, ba ta san ina bayan ƙofa ba. Na riƙe maganar wata biyu ban gaya wa kowa ba, kuma na yarda da ita ɗari bisa ɗari.

Hannun Iya ya tsaya. Masara guda ta ƙone ƙurmus, abin da ba ta taɓa bari ya faru ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Sai ta ce, "Maigida, aje wayar nan. Ku matso, ga wata tatsuniya ta iso, ba ta jiran kowa."

Wai wani dodo ne ya tare rijiyar wani gari. Ya ce duk wanda ya cinye shi a dara, ya bar musu ruwa. Amma 'ya'yan darar, sai dai mutum ya zura hannu cikin jakarsa ya ɗebo. A ciki akwai zinariya, akwai azurfa, akwai tsakuwa. Wanda bai so abin da ya ɗebo ba, ya ba da akuya ɗaya ya sake ɗiba. Mutanen gari suka yi layi. Mai tsakuwa yana son azurfa, mai azurfa yana son zinariya. Awaki suka ƙare aka koma tumaki. Dodo ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace, ramukan dara kuwa ciyawa ta tsiro a cikinsu, don babu wanda ya taɓa zama.

Sai wata mai sayar da daddawa, ko kaza ba ta da ita, ta zura hannu ta ɗebo tsakuwa zalla. Ta cire ciyawa ta zauna. Nan Iya ta shaƙe murya irin ta dodo: "Ba ki sakewa? Na yahe maki akuyar!" Matar ta ce ita ƙishirwa take ji. Aka fara, ashe dodon ko jera uku bai iya ba.

"To da ta ɗebo zinariya fa?" in ji Usman.

"Da ta zauna da ita haka nan. Rami guda kowace ke cikawa." Iya ta kaɗe hannu. "Nan ta tsaya. Maigida, nuna mani kwaɗon naka."

Na nuna mata, na shiga faɗan farko. Ta ƙura ido, can ta buga cinya. "Yo wanga ai dara ce!" Ashe babanta gwanin dara ne a Batagarawa, tana yarinya in ta kai masa fura sai ta tsaya bayansa tana kallo. Ta gwada taɓawa da kanta, wayar ta ƙi jin yatsanta saboda kantar da ke jikinsa, sai ta ɗauki totuwar masara tana nuna mini.

"Kak ka ci ukkun nan, kwaɗayi ne. Bar su. Jawo koren nan ƙasa. In na bisa sun faɗo, su za su ci kansu."

Na bi. Uku suka fashe, na sama suka zubo suka fashe, wasu suka biyo, har sau biyar. Kwaɗona ya kumbura ya yi tsalle guda, abokin faɗan ya kife. Usman ya yi ta ihu har kawu ya leƙo. Aka kira isha'i ina dariya, hawaye na zuba.

Ban sake goge wasan ba. Jan dodon bai taɓa fito mini ba, amma kafin shekara ta zagayo Yaya Mubarak ke miƙo mini wayarsa in wuce masa wurare masu wuya. Da na girma ban sami kwas ɗin da na nema a jami'a ba. Wasu abokaina suka zauna shekara uku suna sake jarrabawa, ni na karɓi wanda aka ba ni na zauna, kuma da shi nake ci da iyalina yau.

Bayan rasuwar Iya na so in ba 'yata tatsuniyar, wani wuri ya shige mini, sai na tafi Ƙofar Sauri wajen ƙanwarta, Inna Ladi. Ta saurare ni har ƙarshe, ta girgiza kai.

"Wagga ba mu gada ba, Nura. A wurin ta ƙirƙira maka ita." Sannan ta ce washegarin ranar tatsuniyar, tun da sassafe, Iya ta zo ta ce ta raka ta gidan matar da ta yi maganar ƙashin tsiyar nan, don ta san bakin da ta fito. "Ko zama ba ta yi ba. Ta ce mata, 'Ni na bizne 'ya'ya biyar, ban taɓa ɗora ma kowa ba. Yaron nan da hannuna na karɓe shi ranar da ya zo duniya. Ko an ce in sake ɗiba, ba ni sakewa.'"

Na zauna a tabarmar Inna Ladi, mutum mai gemu da 'ya'ya biyu, ina juya maganar a raina. Shekarun nan duka ina gode wa Iya don ta koya mini zama da abin da na ɗebo. Ban san ni ne abin da ta ɗebo ba, kuma ta je har gidan mutane ta ce ta gode. Allah ya jiƙan Iya, ya haskaka kabarinta.