Goggo Hansatu da Farar Ƙura

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Goggo Hansatu, yayar mahaifina, Allah Ya jiƙanta. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba sai yanzu, kuma ba zan ɓoye dalili ba: tun daminar da ta wuce nake haki in na yi 'yar tafiya, har likita a Kano ya sa aka ɗauki hoton ƙirjina. Kwanakin da na yi ina jiran sakamako, ba wanda ya riƙa faɗo mini a rai sai ita, domin ita ce ta fara gaya mini abin da ƙura ke yi wa huhun mutum.

Gidanmu a Gaya gidan masu sassaƙa dutsen niƙa ne. Daga wajen Dutse ake kawo mana shi a kan jakuna, mu gyara shi, mu koɗa fuskarsa ta yi kaushi yadda za ta ci hatsi. Goggo ba ta taɓa riƙe guduma ba, amma ita ce mai doka a wurin aikin, kuma dokar ɗaya ce tak: ba a taɓa dutse a bushe. Da safe za ta fito da tabarmarta da tulu da buta ta zauna a gindin darbejiya. Da ta ga ƙura ta fara tashi daga wajenka, sai dai ka ji ruwa a kan dutsenka, wani lokaci har da ƙafarka. Wallahi mun sha haushinta. Jiƙaƙƙen dutse yana ɓata hannu da caɓi, yana ɓoye inda ka sara, aikin yini ɗaya ya koma na yini biyu.

Dokar ba ita ta ƙirƙiro ba. Ta ce kakarta ce ta ba ta labari, kakar kuwa da idonta ta ga abin tun tana budurwa, kafin Turawa su shigo Kano. A wancan zamanin, in ji ta, mutanen gari suna kiran gidanmu gidan zawarawa, saboda mazan ba sa kaiwa furfura. An ce iska ce, an ce sammu ne, an sha rubutu, an yi sadaka. Ita kakar ce ta lura da abu guda: waɗanda ke aiki a cikin zaure saboda inuwa su ke riga tafiya, waɗanda kuwa ke aiki a bakin kududdufi, suna tsoma dutse a ruwa don ya yi musu sanyin taɓawa, su ke ganin jikokinsu. Ba ta san sunan ciwon ba. Ta dai sa aka fitar da aikin daga zaure, aka ajiye tulu.

Abin da Goggo ta ƙara a kan na kakarta, a ɗakin aurenta ta samo shi. Mijinta, Malam Idi, ya yi shekaru yana aiki a ramin kwal a Inugu, ya dawo da tari. In ya yi kaki, baƙi ƙirin yake fitowa. Mutanen unguwa suka tsorata, aka ware masa kwano, wasu ma suka fara yi wa Goggo jaje tun yana zaune. Mu kuwa da muke tashi daga aiki fari fat, gira da gemu kamar an barbaɗa mana gari, ba mai tausaya mana, mu ma ba ma tausaya wa kanmu. A ganinmu baƙi shi ne dauɗa, fari kuwa tsabta. In maƙogwaro ya yi kaushi, sai mu sayi nono wajen Fulani mu sha, wai yana wanke ƙura.

Ranar da ta ji ni ina wannan bayani, sai ta ce, "Kai ɗan nan, nono ciki yake zuwa. Ƙura kuwa ba can ta nufa ba."

Ta yi jinyar miji, ta yi jinyar 'yan'uwa, saboda haka ta san tarin biyu kamar yadda ta san muryoyin 'ya'yanta. Na kwal, in ji ta, yana nuna kansa, kuma a hankali yake cin mutum. Ba ta taɓa cewa alheri ba ne, don ta ga yadda ya hana Malam Idi noma, ya mai da shi mai sallah a zaune. Na dutse kuwa ba ya fito da komai a kaki. Ƙirji ne kawai zai riƙa ƙanƙancewa, ya fi sauri, ko ka bar aikin ba ya barinka, kuma sau da yawa yakan buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ta kuma ce Malam Idi da kansa ya gaya mata cewa a ramin ma, masu huda dutse don a kai ga kwal sun fi masu ɗibar kwal ɗin saurin kwanciya.

Ɗanta guda ne namiji, Habu, taubashina, tare muka koyi aikin a hannun mahaifina. Hannunsa ya fi nawa kyau, ba na musu, kuma bakinsa ba ya rufuwa. "Malam Caɓi" yake kirana. Da ya gaji da butar uwarsa, sai ya kwashe kayansa ya koma Ajingi, ya kama rumfa kusa da kasuwa, ya zagaye ta da zana saboda iska, ya riƙa fitar da dutse uku a lokacin da nake fama da ɗaya. Goggo ta je har can sau biyu. Ya durƙusa, ya ce, "To, Inna, na ji," ta juya baya ya ci gaba.

Ni ma ba waliyyi ba ne. Rani biyu na ce mata zan je Ajingi sarin gyaɗa, alhali a rumfar Habu nake yini, muna aiki a bushe muna dariya. Abin da ya dawo da ni gida ba hankali ba ne, kunyar idonta ce, don duk dawowar da na yi sai ta tsaya tana duban gashin kaina.

Habu bai cika arba'in da biyu ba. Ƙarshensa, daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sai ya huta sau biyu, ga tarin fuka ya hau kai. Mahaifinsa mai baƙin kaki, wanda aka yi wa Goggo jajensa tun da daɗewa, shi ya zauna a kan kujera ya karɓi gaisuwar rasuwar ɗansa. Goggo ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Bayan addu'ar uku ta kira ni, ta riƙe hannuna, ta ce, "Kai dai ka ji maganata, ko?" Na ce, "Na ji, Goggo." Ta ce alhamdu lillahi, ko ɗaya ta samu. Har ta rasu ban iya gyara wannan amsa ba.

Yau injin niƙa ya kashe sana'armu, amma ƙurar ba ta mutu ba. In na ga samari suna yankan tayil da inji a sababbin gine-gine, ko suna fasa tsakuwa a bakin titi, farin hayaƙi ya rufe su, wani ya ɗaura ƙyalle a hanci wani ko oho, nakan ce da Goggo na nan da an yi rigima. Ba za ta tsaya jiran wata hukuma ba. Injin ma, na tabbata, sai ta tambayi inda ake zuba masa ruwa. Nakan tsaya in yi musu magana. Wasu su ji, wasu su ce, "To, Baba," irin ta Habu.

Ran da na koma asibiti, likita ya ɗaga hoton ya tambaye ni aikin da na yi. Ya ce a hoto ciwon kwal da na dutse sukan yi kama, shi ya sa sai an ji tarihin mutum. Na ce shekara ashirin da wani abu ina sassaƙa dutse. Ya sake duban hoton, ya dube ni. Ya nuna mini wasu 'yan ɗige-ɗige a saman huhun, ya ce tabon dutse ne, ba ya gogewa, za a riƙa dubawa, a kuma kiyaye tarin fuka. Amma ga wanda ya yi waɗannan shekaru, in ji shi, abin kaɗan ne ƙwarai, har ya yi mamaki.

Ni ban yi mamaki ba. Wurin da ya fito sarai a hoton nan, aikin Goggo ne, shi ne gadon da ta bar mini, kuma da shi na kai shekara saba'in, na aurar da 'ya'yana da na Habu. Ɗige-ɗigen kuwa na san inda na samo su. Goggo, ba sarin gyaɗa na je ba. Ki yafe mini.