Baitin Gonar Tsamiya

Akwai wata safiya a gidanmu da ko tsufa ya cinye min tunani, ita kam ba zai iya da ita ba. Har yau in na tuna ta sai tsigar jikina ta tashi.

Mahaifinmu manomi ne a wani ƙauye da ke bayan Rijiyar Zaki, amma an fi saninsa da waƙa. Ba makaɗi ba ne, kada ma ya ji ka faɗi haka. Baitoci yake tsarawa ya rera da baki, babu ganga babu kalangu. Walimar saukar karatu ce, gayya ce, ko sulhu tsakanin maƙwabta, in Baba bai rera wani abu ba sai a ga taron bai cika ba. Samarin gari duk suna da muryarsa a wayoyinsu. Yana da aboki tun na ƙuruciya da muke ce wa Baffa, shi ne mai yi masa amshi. Inna takan tsokane su, ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin ɗayansu ya ƙarasa magana shi kaɗai ba.

Ana cikin kaka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba. An dawo da shi daga asibiti da ransa, amma hannu da ƙafar dama sun tafi, magana ma ta tafi. Sai ido kawai, sai kuma kai da ke ɗan rawa kamar mai cewa e. Na baro ɗakina na dawo jinya. Baffa ya zo dubiya, ya tsaya a bakin ƙofa ya fashe da kuka kamar yaro, daga ranar bai sake iya shigowa ba. Inna kuwa ta kafa doka, kada wanda ya kuskura ya kunna waƙar Baba a gidan. Ta ce rashin imani ne ka jiyar da mutum muryar da ya rasa. Duk muka ga gaskiyarta.

Sannu a hankali aka saba. Sai a zauna a gefen tabarmarsa ana ta hira a kansa, ana cewa ai Baba ba ya gane komai, kamar ana magana kusa da buhun gero.

A lokacin kuma gari na ta matsowa wajenmu. Tun da jami'a ta zo kusa, gonakin da muka sani suka riƙa komawa filaye, yau ka ga dawa, baɗi ka ga bulo. Babban yayanmu ya ce a sayar da gonar tsamiya, wadda Baba ya gada daga kakansa. Ba mugu ba ne Yaya, ɗawainiya ce ta sha kansa, ga jinya ga iyali. Na ce masa, “Yaya, mai gonar fa yana nan da ransa.” Ya ce, “Ke ma kin san jiki ne kawai a kwance. Kuma na tambaye shi, ya ɗaga kai.” Na ce, “Ko cewa ka yi za ka jefa shi a rijiya ai zai ɗaga kai.” Ya ce bakina ya fiye tsawo, wanda kuma ba shi ya fara faɗa ba.

Mai unguwa ya ce shi ba zai shaida ba sai ya ga amincewar mai gona da idonsa, kuma a zo da dattijo guda. Dattijon da aka samo shi ne Baffa, da ƙyar aka lallaso shi.

Da hantsi suka yi sallama, Yaya da mai unguwa da dillali da Baffa. Na gama ba Baba koko ke nan a ƙarƙashin rumfa, na jingina shi da bango, ni da Inna muka koma bakin ƙofar ɗaki. Kowa ya gaishe shi, yana ta rawar kai. Baffa ya durƙusa a gabansa. Ya riƙe hannun Baba mai lafiyar, ya sunkuyar da kai, can sai muka ji yana rera amshinsu na gayya ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin kansa:

“Ruwa ya sauka a kan gona,
Mu ɗau garma mu bar kwana.”

Inna ta yunƙura za ta hana shi. Ba ta kai ga miƙewa ba muka ji wata murya ta karɓa:

“Gonar tsamiya gadon kakana,
Ita ta ciyar da ni da 'ya'yana,
In dai da numfashi a ƙirjina,
Ba mai auna ta sai bayana.”

Kwanon kokon da ke hannuna ban san lokacin da ya faɗi ba. Muryar Baba ce. Ta dushe, bakin ya karkace, amma kowace kalma ta fito sarai. Mutumin da tun kaka ko ruwa bai iya nema ba, ga shi har bazara ta kusa ƙarewa. Inna ta dafe ƙirji tana ta salati. Dillalin nan ya ja da baya har ya taka kaza. Ni tsoro ne ya fara kama ni kafin murna.

Yaya ne ya fara samun bakin magana. Ya ce wa mai unguwa, “Ranka ya daɗe, tsohuwar hadda ce. Baki ne ya tuna, ba shi ba ne.”

Baffa ya ɗago, hawaye har gemu. Ya ce, “Yaro, tun ba a haife ka ba nake bin waƙar nan. Da baitin shuka take farawa, sai na noma, sai na girbi. Wannan can ƙarshe yake, bai daɗe da ƙara shi ba. Tsallakewa ya yi ya je ya ɗauko shi.”

Mai unguwa ya ce a sake. Baffa ya sake ba da amshi, Baba ya sake maimaita baitin nan dai, wannan karon idonsa a kan dillali. Aka sake ba shi amshi, duk mun zaci baitin nan zai kuma yi. Sai ya juyo da ƙyar ya kalli Yaya, ya ɗauko wani baitin dabam, wanda ya yi masa ranar da ya fara riƙe garma a gayya yana saurayi:

“Ga ɗan farina a kan kunya,
Ku ba shi hanya, ba ya gajiya.”

Yaya ya zube a wurin. Ƙato da shi, mai 'ya'ya, ya kifa kai a cinyar Baba yana kuka yana cewa, “Baba, ka yafe min, ashe kana ji.” Maganar nan ta doke mu gaba ɗaya. Ashe yana ji. Duk hirar da aka yi a kansa, duk lissafin abin da za a yi bayan ransa, yana kwance yana ji, ba shi da hanyar cewa uffan. Kuma hanyar guda da ta rage masa, mu muka toshe ta da tausayi. Mai unguwa ya kaɗe rigarsa ya ce, “Mai gona ya yi magana, ni na shaida.”

Ranar Inna da kanta ta aika a kira samarin nan masu waya. Baffa kuwa ya koma zuwa kullum bayan la'asar, ya ba da amshi, Baba ya zaɓi baitin da ya dace da abin da ke ransa. Maganar baki ba ta taɓa dawowa ba har Allah ya karɓi abinsa, amma daminar nan Yaya ya shuka gero a gonar tsamiya, kuma an kai Baba a amalanke ya gani.

A da ina ɗaukar waƙa abin ƙawata taro ne, a yi a watse. Ranar na gane wani wuri take zama a cikin mutum da ciwo ma bai san hanyarsa ba. Na kuma koyi cewa wanda ya yi shiru ba lalle ne ya tafi ba. Kafin ka yanke hukunci a kansa, nemo wanda ya san amshinsa.