Askar da Nake Dakusarwa a Hanya

Ni ban taɓa son wanzanci ba. Gado ne ya faɗo mini bayan na bar sakandare ban gama ba, acaɓa kuma bai karɓe ni ba. Ƙannena suna Kano, gaisuwa suke aikowa ta waya. Ni aka bar wa zabira da tsoho a ƙauyenmu na ƙasar Kiru.

Da hannun Baba ya fara rawa, shi da kansa ya daina taɓa kan mutane. Abu ɗaya ya riƙe, shi ne washi. Duwatsunsa biyu. Akwai ja mai kaushi na fitar da baki, akwai baƙi sumul wanda kakanmu ya tsinto a wani rafi wajen Doguwa, tsakiyarsa har ta lotsa. A kan baƙin ake gama kaifi. Abin mamaki, da ya kwantar da aska a kansa sai rawar hannun ta lafa. Ya ɗiga ruwa da yatsa, ya ja a hankali, ya juya, kunnensa na sauraren ƙarar. In ya gama ya goga a fata, ya gwada a gashin hannunsa. Kullum da hantsi nan za ka same shi a zaure, ya jera mini askake kafin in fita.

Abin da ban gaya masa ba shi ne mutane sun daina yarda da aska. Ma'aikatan lafiya sun yi ta faɗakarwa a kan ƙarfe ɗaya kai da yawa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Kowa sabuwar reza yake so, a ɓare ta a gabansa. A wani suna a Kafin Maiyaƙi na zaro aska zan yi wa jariri aski, kakarsa ta dafe kansa.

"Wanzam, da wannan ta zamanin kakanka? Mayar da ita jaka, a sayo reza."

Na mayar. Daga nan rezata tana aljihun riga, askaken Baba suna zabira suna shan yawo a kan babur.

To in na dawo da su da kaifinsu, me zan ce masa? Sai na riƙa tsayawa a gindin wata ɗorawa kafin shiga gari. In samo kara in yi ta fere shi har bakin askar ya mutu, in goge, in ƙarasa gida. Baba ya karɓa yana murna.

"Yau an yi aiki ke nan."

"An taɓa, Baba."

"Malamin nan na Ba'awa, har yanzu da kurjin nan a ƙeyarsa?"

"Yana nan."

Ni rabona da ƙeyar malamin na manta. A raina ina cewa taimakon tsoho nake yi, kuma ƙannena da ke Kano ko wannan ba su yi ba. Amma tuwo ba ya mini daɗi in ya zauna yana lissafa mini kawunan da yake zaton askarsa ta bi.

Ranar da abin ya ɓaci hadari ne ya taso, na wuce ɗorawar a guje. Sai a ƙofar gida na tuna. Na zaro aska ɗaya na goga ta a bakin dakalin siminti, na shiga.

Da safe ina ɗaura zabira ya ce, "Kai, zo nan." Ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba. Ya ɗora bakin askar a farcen babban yatsansa, ya ja, ta tsaya.

"Wannan kan wa ta aske?"

"Wani Bafulatani ne, Baba. Gashi gare shi kamar waya."

"Bafulatani mai kan siminti."

Ya nuna mini bakin askar.

"Gashi kwantar da baki yake yi, ba ya ɓantare shi. Tun lokacin kaka nake jin alamar kara a bakin askaken nan. Na ƙyale ka, na ce yaron nan yana wahala don ni, bari in wasa masa. Shi karan na iya haɗiye shi." Ya ajiye ta a tabarma. "Amma ka rasa ma lokacin neman karan."

Ban ba shi haƙuri ba. Sai ma na ɓige da faɗa, wai duniya ce ta canza, ni na canza ta? Ya ce, "A'a, ba kai ba ne." Ya naɗe duwatsun a tsumma.

Washegari bai fito zaure ba. Matata ta kai masa koko ɗaki, ta dawo tana harara ta. Haka aka yi ta tafiya.

Na ga ba dama, na ɗauki babur har Ba'awa. Na dafa wata aska mai sauran kaifi a tafasasshen ruwa a gaban malamin, na roƙe shi. Ya yi dariya ya ce shi dama reza ƙaiƙayi take sa shi. Na aske shi tas, na biya ta rugar da ke hanya na sami wani tsoho shi ma ya yarda. Na dawo da aska wadda gashi na gaske ya dakusar, na durƙusa na miƙa wa Baba.

"Wallahi gashi ne, Baba. Gwada ka ji."

"Na ji," in ji shi. Bai karɓa ba. "Ajiye can."

Ranar Juma'a da safe ya aiko a kira ni. Na same shi a tsakar gida ya cire hula, ya ajiye ruwa da sabulu a gefe.

"Kaina ya yi gashi. Kawo rezar taka."

Na ce akwai aska. Ya ce ba ta da kaifi, kuma babu mai wasa ta.

Na ɓare reza a gabansa kamar yadda nake yi wa kowa. Ya sunkuyar da kai, na jiƙa, na fara daga goshi.