Wanda ya tsaya a bayanmu a bakin tafki

Muna raka'ar farko na ji takun ƙafa ya zo ya tsaya a bayanmu.

Ni ne da abokin karatuna Malam Sani. Tun safe muka baro unguwarmu Glenwood a Amurka muka tafi hawan duwatsu, har azahar ta riske mu a bakin wani tafki, ba kowa sai itatuwa. Ni kuwa da na saba bin hanyar Birnin Gwari mai 'yan fashin daji, shirun daji bai taɓa kwanta mini ba. Muka yi alwala da ruwan nan mai sanyi kamar ƙanƙara, muka shimfiɗa rigunanmu a gefen wata siririyar hanya, muka tayar.

Mutumin bai wuce ba, bai kuma yi magana ba. Ga numfashin kare ina ji. Wallahi ban san me na karanta ba. Hotonmu yake ɗauka? Ya kira 'yan sanda? Me ke cikin aljihunsa?

Muna sallamewa na waiga. Wani dattijon Bature ne, ya naɗe igiyar karen tamau a hannu.

Na ɗaure fuska na ce, "Lafiya dai?"

Ya ce, "Hanyar ta gabanku ta bi. Maƙwabcina a McLeansville Musulmi ne, ya ce ba a gifta gaban mai sallah. Kun idar?"

Ya ja karensa ya wuce. Malam Sani ya ce, "Mu muka tare masa hanya, kai kuma kana harararsa."

Har yanzu kunya nake ji. Amma tsakaninku da Allah, da ku ne da kun natsu a sallar nan?