Likitan da Yaya Isiya Yake Zagi

Shekara talatin da shida ke nan da muka kai Yaya Isiya makwancinsa a Fakuwa. Na saba idan lokacin ya zagayo in tara 'yan uwa a yi masa addu'a, a ci tuwo, kowa ya kama gabansa, ba tare da na dami masu karanta jarida ba. Bana abin ya zo da wani salo. 'Yarsa da jikarsa sun sa ni a tsakiya, kowacce tana so in faɗa mata abin da zai ce da yana raye. Tun ranar da suka zo abinci bai sake yi mini daɗi ba.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinmu manomi ne mai 'yan shanu, ya so Isiya ya gaji garken, amma Allah ya yi shi da baki, ba da sanda ba. Ana dab da samun 'yancin kai En'e, wato hukumar gargajiya, ta ɗauke shi aikin majigi. Yaran yanzu ba su san majigi ba: mota ce take zuwa da inji da farin ƙyalle, a kafa a filin kasuwa bayan magariba, a nuna wa mutane yadda ake shuka gyaɗa a layi, ko amfanin yin lambar rigakafi. Hoton ba ya jin Hausa, don haka sai an sami mai riƙe lasifika yana bayani. Wannan shi ne aikin Isiya, kuma daga Tafashiya har Kusada babu wanda bai san muryarsa ba.

Turancinsa bai taka kara ya karya ba, wannan kam ko a gabansa na sha faɗa, ni da na yi makarantar horon malamai ina jin kaina. Dabararsa ita ce ya kalli fim ɗin shi kaɗai da rana, ya raɗa wa kowa suna, ya saka wa kowa magana a baki. Idan Baturen gona ya ɗaga hannu yana bayanin taki, sai ka ji Isiya ya ce Baturen na tambaya ne wa ya sace masa akuya. Mutane su yi ta dariya, amma gobe ka gan su suna neman takin.

A gida kuwa babu dariya sosai. Ya auri Hajara, 'yar kawunmu, kamar yadda aka saba a gidanmu, don kada shanu da zumunci su fita waje. 'Ya'yansu suka riƙa zuwa suna komawa. Yaro zai fara wayo, sai hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi rawaya, ya yi ta ihu yana riƙe da ƙashinsa, musamman da damina. Tsofaffi suka ce wabi ne, wai yaro ɗaya ne yake tafiya yana dawowa don ya wahalar da uwarsa. Na farin, Lawal, shi ya fi daɗewa. Har ya fara bin shanu, ya iya kwaikwayon muryar ubansa da gwangwani a baki. Da aka haifi ta huɗu sai aka sa mata Ayashe, don a nuna wa mutuwa ba a damu da yarinyar ba. Ita ce ta rayu, kowa ya ce sunan ya yi aiki. Sai bayan shekaru da yawa muka ji kalmar sikila, muka gane cewa ciwon a jinin uwa da uba yake, mu kuma muna ta haɗa jinin da kansa.

Da kuɗin man fetur suka shigo ƙasar, majigin gwamnati ya fara ja da baya, mutane sun gaji da kallon gyaɗa. Wani ɗan kasuwa a Kankia ya riƙa ɗauko finafinan Turawa haya daga Kano, ya ɗauki Isiya yana yi masa bayani. A nan ne ya haɗu da fim ɗin da har ya mutu bai daina maganarsa ba. Ni ma ina wurin ranar da aka nuna shi a Kusada, na bi su ne don in sami motar komawa gida.

Labarin wani likita ne mai ɗa guda, marar lafiya. Likitan ya shige wani ɗaki cike da kwalabe, ya ɗebi jinin yaron, ya canza wani abu a asalin halittarsa, ya mayar masa. Yaro ya miƙe. Ba ya ciwo, ba ya gajiya, ko wuta ya taɓa ba ya jin zafi. Sai dai tausayi ma ya fita daga zuciyarsa, uwarsa na kuka yana kallonta kamar bango. Daga baya hukuma ta ƙwace aikin don ta ƙera irinsa da yawa su zama sojoji. Isiya ya raɗa wa likitan Bokan Turai, yaron kuma Ɗan Boka, ya hau likitan da zagi tun daga fitowarsa.

"Ku dube shi, jama'a! Allah ya yi mutum ya gama, wanga shina cewa da saura!"

Fili ya ɗauki shewa. Sai aka zo wurin da yaron yake kwance kafin a yi masa aikin, yana murƙususu, ya rungume ƙafafunsa, uban ya durƙusa a kansa. A nan ya kamata Isiya ya saka wa likitan wata maganar ban dariya. Abin da ya fito daga lasifika shi ne: "Sannu, Lawal. Sannu, ɗana."

Mutanen Kusada da yawa sun san shi, sun je masa gaisuwar rasuwar Lawal. Shewar ta ɗauke. Injin ya yi ta ƙara, Turawa suna ta motsa baki babu mai yi musu magana. Da ya dawo hayyacinsa sai ya koma kan likitan da zagin da ya fi na farko zafi, har mai fim ɗin ya taɓa shi ya ce ya sassauta, akwai manya a wurin.

A mota na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya, da kai aka kawo wa kwalbar nan lokacin Lawal, da me za ka yi?"

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Na san mi zan yi. Shi ya sa nike zaginshi. Kada ka ƙara yi mani wagga tambaya."

Ban ƙara ba, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai bana. Abin da duniya ta sani daga bakinsa daban ne. A majalisa, a wurin suna, duk inda hira ta biyo ta kan Turawa da iliminsu, yana da magana ɗaya: makiyayi yana zaɓen bijimin da zai bar wa garke, amma cikin abin da Allah ya riga ya yi yake zaɓa, shi kuwa Bokan Turai so yake ya zama mai yi. Ayashe ta tashi tana jin wannan magana, ta haddace ta. Ita ce gadon da ta fi riƙewa daga ubanta.

To, ga abin da ya kawo su wurina. Ayashe tana da 'ya, Bilki, malamar makaranta a Kankia. Bilki da mijinta lafiyarsu ƙalau, amma kowannensu yana ɗauke da rabin ciwon, kuma lokacin aurensu ba a matsa wa mutane da gwajin jini kamar yanzu ba. 'Yarsu ta fari, Ummi, tana da sikila. Ta kai shekara goma sha uku, rabin rayuwarta a gadon asibiti. Na biyu namiji ne, sun binne shi. Yanzu an gaya musu akwai asibitin da ake ɗaukar iri daga miji da mata, a haɗa a waje, a bar su su fara zama, a duba kowanne, a ɗauki wanda ba shi da ciwon a dasa wa uwar. Mijin ya yarda. Bilki ta yarda. Ayashe ta ce sai dai bayan ranta.

A zaurena suka zauna, uwa da 'ya, ba mai kallon wata.

Ayashe ta ce, "Baffa, kai ka san mi babana ya hwaɗi. Yau jikarshi za ta kai kanta ga Bokan Turai?"

Bilki ta ce, "Ba ƙera yaro za a yi ba, Baffa. Namu ne, ni da mijina. Cikin abin da Allah ya yi za a zaɓa. Ba abin da Kaka ya ce makiyayi yana yi ke nan ba?"

"Sauran hwa?" in ji Ayashe. "Waɗanda ba a ɗauka ba, ina za a kai su? 'Yan uwana ukku, da a kwalba sunka zo, zubar da su za a yi."

Bilki hawaye kawai take sharewa da bakin mayafi. Ni da na yi shekaru ina raba gardamar ɗalibai, wannan ta fi ƙarfina. Maganar mutum ɗaya ce suke ja, kowacce ta kama gefe, kuma kowacce tana da gaskiya.

Na je wurin malamai biyu da nake girmamawa. Ɗaya ya ce muddin irin na ma'auratan ne, neman magani ne, kuma addini bai hana neman magani ba. Ɗayan bai haramta ba, amma ya ce shi dai zuciyarsa ba ta kwanta ba. Na dawo gida da abin da na fita da shi.

Tsorona ba a kan Bilki yake ba. Ita uwa ce da ta gaji da jin ihun ɗa. Tsorona mu ne, don na san halinmu. Yau ciwo za a duba. Gobe wani mai hali zai ce tunda an riga an buɗe, a duba masa namiji. Jibi a ce fari, a ce dogo, mu da muke ganin yadda 'yan mata suke ɗaye fatarsu da mai don a ce sun yi haske. Jikokina suna nuna mini a waya cewa a ƙasashen waje an wuce zaɓe, an fara gyara ƙwayar halittar kanta, wato abin da muka kalla a Kusada muna shewa. Finafinan irin wannan yanzu sun cika wayoyinsu, an fassara su da Hausa, samari masu sana'ar Isiya suna ta zuba zance. Suna kallo suna dariya, kamar yadda muka yi.

Na kuma ga yadda abu yake ɓacewa ba tare da kowa ya yanke shawarar kashe shi ba. A shekarun man nan aka kawo sabon irin dawa mai saurin nuna. Babu wanda ya hana tsohon iri. Kowane manomi dai ya zaɓi abin da ya fi masa, kuma yana da hujja. Kwanaki na tambaya a Kunduru ko akwai mai sauran doguwar dawar da mahaifiyarmu take yi mana tuwo da ita, aka yi ta kallon juna. Dawa ce, ba a yi mata makoki ba. Ina gudun ranar da za a yi wa wani irin mutane haka.

Amma duk lokacin da na kai nan a tunani, sai in tuna yadda Ummi take cije leɓe idan ciwon ya taso, don kada uwarta ta ji. Wane ne ni da zan ce a sake haifo wani ya sha wannan, saboda ni tsoho ina tsoron gobe?

Da Yaya Isiya yana nan, na yi imani a majalisa zai tsaya bayan Ayashe, da ƙarfinsa. Na kuma yi imani idan Bilki ta same shi shi kaɗai, ba zai iya ce mata a'a ba. Bai bar mana fatawa ba. Abin da ya rage nasa shi ne wannan tsoron abin da mutum zai iya aikatawa saboda son ɗansa, tsoron da ya fara ji a kan kansa kafin ya ji shi a kan wani. Na kira Ayashe na gaya mata abin da ubanta ya faɗa mini a mota. Ta yi kuka sosai. Ba ta ce ta yarda ba, amma ta daina cewa sai bayan ranta. Bilki da mijinta suna shirin tafiya, ni kuma ban hana ba, ban kuma iya cewa na ji daɗi ba.

Ranar addu'ar bana an zo da Ummi, jikin da sauƙi. Tsakanina da ita akwai wasan jika da kaka, ina ce mata amarya, tana ce mini tsoho mai ran ƙarfe. Bayan an watse ta kawo mini ruwan alwala, ta tsaya ba ta tafi ba. Ashe duk maganar da manya suke yi a ɓoye tana kunnenta.

Ta ce, "Tsoho, da ni ce a cikin waɗanda za a duba, da za a ɗauke ni?"

Na ce, "Ni dai, amarya, da ke zan ɗauka."

Ta ɗan yi murmushi, irin na wanda ya gane ana lallashinsa. Ta ce, "Ai kai ba likita ba ne." Ta ɗauki butar ta koma cikin gida.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haɗa ka da Lawal da ƙannensa inda babu ciwo. Tambayar da na yi maka ka hana ni maimaitawa ba ta kai ta Ummi nauyi ba, kuma ni ba ni da wanda zan zaga.