Tsagar da Na Nema a Fuskar 'Yan Matan Salula

Zaman biro, wato ofis, ne ya koya mini wannan wasa. A Dogon Dutsi, idan wuta ta ɗauke, aikin sakatariya ya tsaya ke nan, sai hamma da fifita. Wata abokiyar aikina ta sa mini manhajar nan ta IA, wato ƙirƙirarriyar basira, a salula, wadda za ka rubuta mata abin da kake so da Faransanci, ta zana maka hotonsa. Ni kuwa tun ina 'yar makaranta a lakwal nake son kwalliya, sai na shiga ƙirƙirar 'yan matan talla. Wannan in sa mata shadda mai aiki a wuya, waccan in ɗaura mata kallabi ya yi tsini, in tsayar da ita gindin dutse kamar mai jiran kabu-kabu. Ba sa gajiya, ba sa cewa ɗinkin ya matse su. Har tela ta unguwarmu ta fara leƙowa tana satar fasali.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne fuskokinsu. Duk sumul suke kamar ƙwai, babu ko ɗigo. Na ce to, mu gani, wannan mai wayon ta san mutanenmu Arawa masu tsaga kuwa? Na rubuta mata: mace mai tsaga biyu a kowane kunci, daga gefen baki zuwa kunne.

Gaskiyar magana, ba gwaji kaɗai nake yi ba. Mahaifiyata tana da wannan tsagar. Ta rasu ina ƙarama, ba ta taɓa zama gaban mai hoto ba, kuma fuskarta ta daɗe da ɓace mini. Ina tuna zanenta, ina tuna ƙamshin man da take shafawa, amma fuska babu. Na sa a raina idan na'urar ta dace da tsagar, wataƙila sauran ya dawo.

Ina! Ta farko ta fito da jini yana zuba, kamar an sare ta da lauje. Ta biyu an shafa mata farin alli. Ta uku kuwa gashin baki aka yi mata irin na kyanwa. Na zagi salular nan zagin da ban taɓa yi wa mutum ba, na kife ta a kan tebur, can kuma na sake ɗauka, domin na kasa haƙura. Me ya sa ta san ɗinkin Dakar da takalmin Turai, amma ba ta san fuskar da ke cike da kasuwarmu ba? Na yi ta canza kalmomi, na ce tsohon tabo ne, ya warke, ya kwanta cikin fata. Sannu a hankali ta fara jin magana. Wata rana sai ga mace cikin atamfa shuɗiya, tsaga biyu ɗoɗar a kowane kunci. Kyakkyawa ce ƙwarai. Na dube ta, na dube ta, ban ji komai ba.

Ranar hutu na hau mota zuwa Matankari wajen Inna, yayar mahaifiyata. Ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Na same ta tana ɓarar wake a tsakar gida. Bayan gaisuwa na miƙa mata salular. Ta goge hannu a zane, ta kai ta nesa da ido.

"Wagga ɗiyar wa ta?" in ji ta.

"Ba ɗiyar kowa ba ce, Inna. Na'ura ce ta yi ta."

"Ba ta da uba?"

"Ba ta da shi."

"To wa ya kira mata wanzami?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce tsaga ba kwalli ba ce da za a ranta wa baƙuwa, gida gare ta. Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Sai na daina kewaye-kewaye, na ce mata fuskar mahaifiyata nake nema.

Inna ta sake ɗaga salular, ta daɗe tana kallo. Ta girgiza kai.

"Ke ɗiyar nan, ai kin miƙe tsagar da yawa. Uwarki ba ta tsaya ba. Ina nan ranar da anka yi mata, ina riƙe da zanen goyonta. Wanzami ya gama dama lafiya lau, ya zo hagu, sai ta fizge kai. Aska ta sauka ƙasa, ta komo. Kakarki ta yi ta faɗa, ta ce an ɓata mata ɗiya. Da shi munka riƙa tsokanar uwarki har ta yi aure."

Na ce ta nuna mini daidai wurin. Na ɗauka a kan hoton za ta nuna, har na matso da shi. Sai ta ture salular gefe, ta kamo haɓata. Ta ɗora yatsa a gefen bakina na hagu, ta ja shi a hankali zuwa kunne. A tsakiyar kunci ya gangara kaɗan, ya sake hawa.

Na san wannan lanƙwasar. Ba da ido na san ta ba. Idan mahaifiyata ta kwantar da ni a jikinta, nan nake bi da ɗan yatsana, in sauka in hau, in sauka in hau, har barci ya ɗauke ni. Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye su ba.

Inna ta saki haɓata, ta jawo ƙwaryar waken tsakaninmu.

"Sa hannu," in ji ta. "Ita ma haka take zama, a bar mini aikin."