Zuwa Gozaki da Ƙyaranar Inna

Ana sallame sallar asuba muka bar gida, ni da ɗiyata ta biyu, wadda ke rubuta maku wannan ina faɗi. Ita ta ɗauki jaka, ni na rungume langa. Abin da ke cikin langar shi ya tashe ni tafiya, don haka bari in fara gaya maku ko mene ne.

Duk wanda ya taɓa shiga gidana a Funtua ya ga bayan ɗakina. Tsire-tsire masu ƙaya ne jere cikin fasassun tukwane: tinya, karan masallaci, kariya, da wasu dunƙulallu 'yan ƙasar waje da ɗana ke kawo mani daga Jos, irin waɗanda sai su shekara biyar ba su kai girman ƙwan zabo ba. Ban shiga aji ba, amma a wannan fanni babu mai koya mani a unguwarmu. Sarauniyarsu duka wata ƙyarana ce da ba ta miƙe kamar 'yan uwanta na shinge ba, sai ta nannaɗe ta yi faɗi kamar zankon zakara. Inna ce, mahaifiyata, ta zo da ita daga ƙauyensu cikin kayan aurenta. Ƙyaranar ta girme ni, amma har yau ba ta wuce kamu ɗaya ba.

Bana da aka gama sa wa masara taki, na ga ragowar takin zamani a gindin buhu. Na ce kowa ya ci a gidan nan, ita ma ta ci. Na barbaɗa mata tafi guda, na fito da ita ta sha ruwan tsakiyar damina. Mu mutanen noma haka muka iya so: taki da ruwa. Ashe ita wannan shi ne ajalinta. Kafin kaka gindin ya yi baƙi, ya yi laushi kamar dafaffiyar kabewa. Na nemi wanda zan ɗora wa laifi a gidan, na rasa, don da hannuna na yi. Na yanke kan da ya rage da rai na kwantar da shi cikin busasshen yashi a langar nan.

Mai yi wa mangwaro aure a bakin kasuwa ya duba ya ce sai dai a ɗora ta a kan gindin wata ƙyarana mai saiwa, kuma shi ba ya taɓa itacen da farin ruwansa ke makantar da mutum. Ya ce akwai wani tsohon Bamaguje bayan Gozaki mai wannan aiki, ana ce da shi Nomau, in ban yi sauri ba kuwa kan zai bushe. Na yi kamar ban san sunan ba. Nomau ɗan ƙanen Inna ne, taubashina. Inna Bamagujiya ce ta musulunta, ni kuwa na girma ina ce wa mutane ita 'yar cikin garin Kafur ce. Ranar da ta rasu danginta suka zo gaisuwa, na bar su a zaure, na aika masu ruwa a wani tsohon kwano da na ware. Shekara talatin ke nan, ba su sake zuwa ba, ban je ba.

A tasha kuɗin mota ya ninka na rabona da hanyar. Na tsaya ciniki har direba ya ce, Hajiya, da baki ake sayen mai da ke ce mai gidan man. Aka cusa mu huɗu a baya. Hanyar Bakori shar take da albarka: masara an karye an tara, dawa ta sunkuyar da kai, auduga ta fara fashewa fari fat, waken suya shanye har bakin kwalta, direbobi na kauce mashi kamar jariri. Wata mata da ke gefena ta yi ta satar kallon langar, can ta kasa haƙuri ta ce ko dambun nama ne zan kai wa mai jego. Na buɗe mata. Ta leƙa, ta ja jiki, ba ta ƙara yi mani magana ba har Malumfashi. A shingen jami'an tsaro ma sai da aka buɗe. Jami'in ya tambayi ko magani ne, na ce gado ne, ya rufe mani da hannu biyu.

A Malumfashi muka karya da waina da miyar taushe wurin wata mai tanda a bakin tasha. Wainar ta yi, miyar kuwa an yi wa gyaɗa rowa, kuma na gaya mata. Ta yi dariya ta ƙara mani biyu. Daga nan muka hau wata motar ta Kafur, mai ƙofar da ake ɗaurewa da igiya, har Gozaki. Can muka sayi goro da gishiri da rake na tsaraba, muka hau babura biyu. Hanyar burji ce, ruwa ya ci rabinta. Na ce da mai babur in ya kayar da ni babu komai, na tsufa, amma in langar nan ta taɓa ƙasa sai mun je gaban alƙali.

Tun daga nesa na gane gidan. Shingen ƙyarana ne ya kewaye shi, ya fi mutum tsawo, rumbuna cike a ciki. Muka iske tsohon a gindin ɗorawa yana tufkar igiya, ya rame, gashi fari, idon dai na nan irin na Inna. Ya amsa sallama, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma. Na gaishe shi gaisuwar baƙuwa, na buɗe langa, na faɗi buƙatata. Ya daɗe yana kallon zankon bai taɓa ba. Sa'an nan ya ce aikin ba shi da wuya, amma sai an tono 'yar ƙyarana mai saiwa daga shingen gidan, kuma tun kakanni ba a tono wa baƙo. Baƙo sai dai a sara mashi reshe, reshe kuwa kafin ya yi saiwa wannan kan ya mutu. Ɗan gida kaɗai ake tono wa. Ya ɗago ya ce, "Hajiya, ɗiyar wa ce ke?"

Ya san ni sarai. Matan gidan sun fito sun tsaya, ɗiyata na gefena, ita ma ban taɓa gaya mata gaskiyar ba. Na dubi langar, na ga gefen zankon ya fara yanƙwanewa. Na ce, "Ɗiyar Tarana ce, ta gidan nan. A ɗakin can aka haife ta."

Ya ce, "Ƙara faɗi, kunnena ya tsufa."

Na ƙara, da ƙarfi, har kaji suka watse. Sai ya fashe da dariya ya ce ashe birni bai cinye mani harshe ba, taki dai ya koya mani. Ya ce duk duniya babu mai ba ƙyarana takin zamani sai 'yar Funtua, ko gobe zan yi mata kunun kanwa? Na ce mashi mai haƙori uku bai isa ya yi wa kowa dariya ba. Wasan taubasai da muka bari tun muna yara ya dawo a zama ɗaya. Matarsa ta kawo mani ruwa a sabuwar ƙwarya mai zane, wadda da gani ba kowa ake ba ba. Babu wanda ya ambaci tsohon kwano. Da sun ambata da ya fi mani sauƙi. Na sha ina ɓoye fuska.

Ya tono 'yar ƙyarana mai kaurin tsintsiyar hannu, ya dasa ta a tukunya da tsakuwa da yashi. Ya sa muka koma bayan iska saboda ido. Ya wasa wuƙa, ya fille kanta, ya tsaga tsakiyar, ya feƙe gindin zankon kamar bakin gatari. Farin ruwan ya ɓulɓulo, ya yi ta wanke shi har ya tsaya, ya ce in an haɗa da shi a tsakani ba za su san juna ba. Ya zura, ya soke da ƙayar aduwa biyu, ya ɗaure da zaren rama. Sharuɗɗa uku ya ba ni: inuwa, kada ta ga ruwa, kada in taɓa ɗaurin. Ya ce a wurinsu hannun da ya ɗaura shi ke kwancewa, don shi ya san inda ya matse, saboda haka bayan mako uku zai zo Funtua, in dai akwai wuri a zaure. Na ce zaure na baƙi ne.

Muka ci tuwon dawa da miyar karkashi, aka cika mana jaka da gyaɗa da daddawa, muka juyo bayan azahar. Yanzu tukunya ce a cinyata, duk da na biya mata kujera guda. Duk ramin da mota ta faɗa sai in ji shi a ƙirjina. Da muka wuce Bakori, ɗiyata ta tambaye ni sunayen 'yan uwan Inna. Na lissafa mata su duka, ta rubuta. Muka shiga gida ana kiran magariba.

Jiya ya zo, da hula sabuwa da zabi biyu. Na shigo da shi har ɗakina, na zaunar da shi a dardumata, na ba shi ruwa a moɗar da nake sha. Na kira maƙwabta na ce ga ɗan kawuna. Ya kwance zaren a hankali, ya zare ƙayoyin, ya ɗan girgiza zankon da yatsa. Bai motsa ba. A bakinsa har an ga wani siririn layi kore sabo.

Na gode wa Allah da ya ba ni rai na yi wannan tafiya da ƙafata, na gode wa mutanen da suka riƙe mani wurina shekara talatin ban roƙa ba. Abin da na koyo bai da yawa: ba kowane abin so ke son taki ba, kuma kai komai kyansa ba ya rayuwa sai da gindi. Masu tambaya ko zan ba su iri, ku yi haƙuri. Nomau ya ce sai ta shekara goma kafin a yanka, kuma ya yi alkawarin zai zo ya yanka da kansa. Na ce mashi ya fara neman haƙoran da za su kai shi.